Tambayi Likita: Akwai maganin da ke farkar da wanda ya yi doguwar suma?

Wasiƙun wannan karon sun fi karkata ga jinyar wanda ya fita hayyacinsa a sashen kulawa ta musamman, wato reya. Adadin magungunan da za ku gani a nan mun kawo shi ne don mai jinya ya gane abin da ake yi wa maras lafiyarsa, ya kuma san abin da zai tambayi likita. Babu ko ɗaya a ciki da ake saya a yi a gida.

Tambaya daga wata mai karatu a Garwa: Assalamu alaikum, likita. Maigidana haya yake yi da babur. Mako biyar ke nan da ya yi haɗari, ya bugu a ka. An cire masa na'urar numfashi, yana buɗe ido, amma ba ya magana, ba ya kallon kowa. Wani ɗan'uwansa ya bugo daga Yawunde ya ce akwai ƙwayar da ake ba irinsu su farka. Da gaske ne, ko kwantar mini da hankali kawai ake yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah Ya ba shi lafiya. Ƙwayar akwai ta, sunanta amantadin, sai dai ba ta tayar da mutum zumbur yadda dangi ke zato. Abin da aka tabbatar a kanta shi ne tana ƙara wa murmurewa sauri.

Kafin a zo kanta sai an san matakin da maigidan yake. Doguwar suma ta ainihi, wadda ido ke rufe ruf, ba kasafai take wuce mako biyu zuwa huɗu ba. Daga nan ido kan buɗe, mutum ya kasance cikin ɗayan hali biyu: ko dai ido a buɗe amma babu alamar ya san inda yake, ko kuma akwai guntun hayyaci mai zuwa yana tafiya, yau ya bi fuska da ido, gobe ya ɗaga yatsa da aka ce ya ɗaga, jibi shiru. Bambance su na da wuya. Bincike ya sha nuna cewa kusan huɗu cikin goma na waɗanda aka ce ba su da hayyaci ko kaɗan, da aka sake gwada su a tsanake sai aka tarar da saura. Shi ya sa ake so a gwada aƙalla sau biyar a ranaku daban-daban.

Ke ma da aikinki a nan. Ki sami ƙaramin madubi, ki riƙe shi bai kai taƙi ɗaya daga fuskarsa ba, ki kira sunansa, sannan ki ja madubin a hankali zuwa dama, hagu, sama, ƙasa. Mutum ya fi bin fuskar kansa da ido a kan yatsa ko tocila. In idon ya bi, ki rubuta ranar da lokacin ki nuna wa likita. Damƙar hannu kuwa tana yaudara, don tafin hannu kan kama duk abin da aka ɗora masa ko babu hayyaci. Ki ce masa ya saki, ki ga ko zai saki.

Amantadin tsohon magani ne. A shekarun 1960 aka fara ba da shi don mura mai tsanani, daga baya aka ga yana taimaka wa masu cutar Parkinson, saboda yana ƙarfafa aikin dopamin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai hannu a farkawa da motsi. A 2012 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi a kan mutum 184 a Amurka da Jamus da Denmark, dukkansu buguwar kai ce, mako 4 zuwa 16 bayan haɗarin. Wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, tsawon mako huɗu. Masu shan na gaskiyar sun fi saurin fara bin umarni da amsa i ko a'a. Amma da aka tsayar da shi sai saurin ya ragu, cikin mako biyu ɓangarorin suka kusa daidaita. A kan wannan ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba da shawara a 2018 a riƙa ba irin waɗannan majinyata. Maigidanki, da buguwar kai da mako biyar, ya shiga sahun, don haka kina da hujjar tayar da maganar da likitansa.

Ana farawa da miligiram 100 sau biyu a rana na mako biyu. In ba a ga motsi ba a kai 150, sannan 200, nan ne ƙarshe. Na biyun da azahar ake bayarwa, in aka kai shi dare yakan hana barci. Ƙoda ce ke fitar da shi, saboda haka dole a auna kiriyatinin, wato awon da ke nuna ƙarfin ƙoda, tukuna; in ƙodar ta yi rauni aka ba da cikakken adadi, maganin zai taru a jini ya kawo ruɗewa da fizge-fizge. A sa ido kan amai, kumburin ƙafa, da jijjiga ga mai tarihin farfaɗiya. Ba a yanke shi rana ɗaya, ragewa ake yi sannu a hankali. Kuma a tanadi na wata guda kafin a fara, don ba lallai a same shi a kowane farmasi ba.

A ganinmu ma akwai abin da ya riga amantadin muhimmanci: a duba jerin magungunan da yake sha yanzu, a ga wanda ke danne shi. Diyazefam da ake maimaitawa kullum dare, Gardénal na jijjiga, Largactil da halofiridol na kwantar da mai fizge-fizge, har Primpéran na amai, duk suna iya dusashe ƙwaƙwalwar da ke ƙoƙarin tasowa, ukun ƙarshen ma dopamin ɗin suke toshewa kai tsaye. Maganin rigakafin jijjiga bayan buguwar kai na kwana bakwai ne, amma sau da yawa akan manta da shi a kan takarda har wata biyu. A kuma sake hoton sikana, ko ruwa ya taru a ƙwaƙwalwa ko jini ya kwanta a ƙarƙashin ƙoƙon kai, waɗanda tiyata ce maganinsu. A auna gishirin jini, a nemi tushen duk wani zazzaɓi.

Wataƙila za ki ji labarin zolpidem, wato Stilnox, ƙwayar barcin da ta sa wani majinyaci a Afirka ta Kudu ya yi magana a 1999 bayan shekaru ba ya magana. Abin ya faru, amma da aka gwada a kan mutum 84, huɗu ne kacal suka nuna canji, kuma yakan gushe cikin 'yan sa'o'i. Ana iya gwada miligiram 10 sau ɗaya a gaban likita. In ba a ga komai ba a bar shi.

Game da sa rai: mai buguwar kai ba a cewa halinsa ya zama daɗaɗɗe mai wuyar sauyawa sai ya cika wata 12. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska, kamar bayan tsayawar zuciya, wata 3 ake lissafawa, kuma ba a kansu aka yi gwajin amantadin ba.

Tambaya daga wani mai karatu a Njamena: Ƙanena ya faɗo daga saman gini. Kwana uku yana kan na'urar numfashi. Mu mun zuba ido ya farka, sai muka ji wai maganin barci ake ɗura masa ta jijiya dare da rana. Ina dalili?

Amsa: Malam, Allah Ya sa kaffara ne. Dalilin kumburi ne. Ƙwaƙwalwar da ta bugu tana kumbura a kwanakin farko, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba ta wuri, kamar ƙullin fanke ne da ya tashi a kwano mai murfi. Duk tari, duk kokawa da bututun maƙogwaro, duk zazzaɓi, ƙara matsin suke yi, jini ya kasa shiga. Barcin da ake sa shi, da midazolam ko furofofol tare da maganin ciwo, don ƙwaƙwalwar ta rage aiki ne ta rage buƙatar iska har kumburin ya sauka.

Wataƙila an rubuta muku manitol. Shi yana jawo ruwa daga ƙwaƙwalwa ya fitar ta fitsari. Ana ba da giram 0.25 zuwa 1 a kowane kilo na nauyin jiki cikin minti 15 zuwa 20; mai kilo 60 a rabin giram zai sami giram 30, wato mililita 150 na kwalba mai kashi 20 cikin ɗari. Ku ɗaga kwalbar a haske kafin ku miƙa: in ta sha sanyi takan yi ƙanƙara-ƙanƙara a gindi, sai an ɗumama ta ta narke. Manitol sayen lokaci kawai yake yi, kuma in aka yi ta maimaita shi yana busar da jiki, ya saukar da awon jini, ya taɓa ƙoda. Awon jini na sama ya faɗi ƙasa da 90 ko da na ɗan lokaci ne, babbar illa ce ga ƙwaƙwalwar da ta bugu. Haka nan ruwan sukari mai kashi 5 ba na mai buguwar kai ba ne, yana ƙara kumburi. Ruwan gishiri mai kashi 0.9 ake sawa, a ɗaga kan gadon digiri 30, wuya a miƙe.

In matsin ya lafa, ƙa'ida ita ce a riƙa rage maganin barcin ko a dakatar da shi kowace safiya a ga abin da ke ƙarƙashi. Wani gwaji da aka buga a 2000 daga Chicago ya nuna yin haka ya rage zaman kan na'ura daga kusan kwana 7 zuwa kusan 5. Sai dai kada ku tsorata in an tsayar bai farka nan take ba. Furofofol kan saki mutum da wuri, amma midazolam da aka kwana biyu ana ɗurawa yana taruwa a jiki, musamman in ƙoda ko hanta ta gaji, ya ɗauki kwanaki kafin ya fita. Makin Glasgow da kuke ji ana faɗa, wato ma'aunin zurfin suma daga 3 zuwa 15, ba ya ba da gaskiya matuƙar maganin barci na jiki.

Tambaya daga wani uba a Mokolo: 'Yata mai shekara uku ta yi zazzaɓi da taune-taune, ta suma. An ce maleriya ce ta hau kai. An yi mata allura tun jiya amma ba ta farka ba. Ko maganin bai karɓe ta ba ne?

Amsa: Malam, Allah Ya tashi kafaɗunta. Kwana ɗaya bai isa a ce magani ya gaza ba. Yaran da maleriya ta hau wa kai galibi sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin su dawo, don ita allurar, ƙwayar cutar take kashewa, jijiyoyin ƙwaƙwalwar da suka cushe kuwa sai a hankali suke buɗewa.

Allurar da ta dace atesunat ce. A gwajin da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka, wanda aka buga a 2010, kashi 8.5 cikin ɗari ne suka rasu a masu atesunat, 10.9 a masu kinin. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, wanda ya kai kuma 2.4. Ana yi da isowa, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, daga nan sau ɗaya a rana har ta iya haɗiya, sannan ta shanye ƙwayoyin maleriya na kwana uku cif. Inda aka fi tafka kuskure shi ne allurar awa 12, wadda kan faɗo tsakar dare, da kuma ƙiyasta nauyi da ido maimakon ɗora yaro a sikeli. Kwalbar hoda ce miligiram 60: a narka ta da mililita 1 na ruwan bikabonat da ke cikin kwalin, a girgiza har ta washe tas, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri. Yarinya mai kilo 14 miligiram 42 za ta samu, mililita 4.2 ke nan. Abin da ya rage zubarwa ake yi, ba ya kai wa allura ta gaba.

Abu uku za ka tambaya a yau. Na farko sukarin jini, wanda ya kamata a riƙa aunawa duk bayan 'yan sa'o'i, domin yaron da ba ya ci sukarinsa kan faɗi, kinin kuma yana ƙara kayar da shi. In ya gaza giram 0.45 a lita, ana ba da ruwan sukari mai kashi 10, mililita 5 a kowane kilo. Wani yaron a nan take yake buɗe ido. Na biyu jijjigar ɓoye: ƙiftawar ido ba tsayawa, rawar gefen baki ko yatsa ɗaya, dalala, numfashi mai yankewa. Ka nuna wa ma'aikaciyar jinya da zarar ka gani. Diyazefam ake bayarwa, amma ba a wuce sau biyu sai a sauya magani, don yana danne numfashi. Gardénal ma ba a yin sa a matsayin rigakafi: a wani gwaji a Kenya da aka buga a 2000 ya rage jijjiga amma mace-mace sun ninka. Na uku sanƙarau, tunda yankinmu yankinsa ne kuma alamunsu kan yi kama. In ba a samu damar ɗibar ruwan baya don gwajin sanƙarau ba, a haɗa mata da allurar seftiriyazon mai maganinsa har a tabbatar.

Bayan sallama ku dawo da ita a duba ko jininta ya yi ƙasa cikin mako biyu, kuma ku lura da jinta, ganinta da tafiyarta.

Tambaya daga wani matashi a Marwa: An tsinci abokinmu a ɗaki ba ya motsi, da fakitin tiramol a gefensa. A asibiti aka yi masa wata allura ya farka, bayan awa ɗaya ya sake komawa. Me ya faru?

Amsa: Ɗan'uwa, allurar nalokzon ce, kuma abin da ka gani sananne ne. Tana ture tiramol daga inda ya kama a ƙwaƙwalwa, ana farawa da miligiram 0.4 ta jijiya, a maimaita bayan minti biyu zuwa uku har numfashi ya daidaita. Ƙarfinta minti 30 zuwa 90 ne, tiramol kuwa yakan yi sa'o'i a jiki. Ita ta ƙare, shi yana nan. Shi ya sa ake maimaitawa ko a sa ta cikin ƙarin ruwa, kuma shi ya sa ɗauke mutum a tafi gida don ya buɗe ido ganganci ne. Nalokzon kuma ba ta hana jijjigar da tiramol ke kawowa; wannan sai diyazefam. Iyakar abin da likita ke bayarwa a yini miligiram 400 ne, ƙwayar asibiti 50 ce, amma ta bakin titi akan sami mai 225. Biyu kawai sun haura iyaka.

In haka ta sake faruwa da wani, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai. A tafi da duk fakiti ko kwalbar da aka gani. Ƙwayar ido ta tsuke tare da dalala da gumi da gudawa, wannan ya fi kama da maganin feshin auduga, kuma atirofin ne maganinsa. In mashayin bilbil ko arki ne, a faɗa wa likita ba kunya, don yana buƙatar bitamin B1 tare da ruwan sukarin.

Tambaya daga wani ma'aikacin jinya kusa da Kuseri: Ina yawan ganin takardun magani ɗauke da Nootropyl, sitikolin da dekzametazon ga masu buguwar kai. Dangi na sayar da dabba su saya. Suna da amfani?

Amsa: Abokin aiki, a taƙaice babu. An gwada sitikolin a kan mutum 1,213 masu buguwar kai na kwana 90, sakamakon 2012 bai nuna wani bambanci ba. Nootropyl ma babu ingantacciyar hujjar cewa yana farkar da kowa. Dangin kotizon kuwa, irin su dekzametazon, cutarwa suke yi: gwajin 2004 a kan mutum sama da 10,000 ya nuna kashi 21 cikin ɗari sun rasu cikin mako biyu a waɗanda aka ba, 18 a waɗanda ba a ba ba. A maleriyar kai ma dekzametazon tsawaita suma yake yi. Wurinsa kumburin ƙari a ƙwaƙwalwa ne da sanƙarau na tarin fuka. Mai arha da ya kamata ya kasance a durowarku shi ne Exacyl, mai rage zubar jini: giram 1 cikin minti 10, sai giram 1 cikin awa 8, muddin ba a wuce awa 3 da haɗarin ba, kuma ya fi amfanar wanda buguwarsa ba ta kai matuƙa ba. Kuɗin dabbar ya fi dacewa da sikana, tsinken awon sukari da abincin da ake bayarwa ta robar hanci.

Tambaya daga wata dattijuwa a Ngaundere: An hana ni ba jikana rubutu da zamzam. Ko cokali ɗaya ba zai yiwu ba?

Amsa: Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah Ya karɓi addu'a. Ko cokali ɗaya a dakata. Wanda ba ya cikin hayyacinsa maƙogwaronsa ba ya rufe hanyar iska, abin da aka zuba a baki huhu yake tafiya, kuma sau da yawa ko tari ba zai yi ba balle a san ya ƙware. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da ciwon huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu doguwar suma. Ki yi masa karatu a kunne, ki shafa zamzam ɗin a hannu da ƙafa, nesa da rauni da wurin allura.

Magani da kunu duk ta robar hanci suke bi. A ɗaga kansa tukuna, a niƙa kowace ƙwaya ita kaɗai a narka ta, a wanke robar da ruwa kafin da bayan kowace, a bar kansa a ɗage na rabin awa zuwa awa ɗaya. Ƙwayar da aka rubuta LP a kwalinta ba a niƙa ta, don an yi ta ne ta riƙa saki a hankali. In aka niƙa, na yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya. Ranar da ya fara bin umarni, ma'aikatan za su zaunar da shi su gwada haɗiyarsa da ƙaramin cokali na ruwa, suna sauraron muryarsa da numfashinsa. In ya wuce wannan gwajin, sai ki nemi izinin likita a kan zamzam ɗin.